Kira ga Jama'ar Jalingo: Mu Tashi Mu Tsare Sirrin Karatunmu

Jama'ar Jalingo, iyayena da 'yan uwana, maza da mata, daga Sabon Gari har Magami, daga Mayo Gwoi har Nukkai da Kona, ina da magana da duk wanda ya taɓa buɗe littafi a cikin wayarsa. Ina nufin ɗalibin Jami'ar Jihar Taraba da ke bitar darasi cikin dare a kan Tecno ko itel. Ina nufin uwargidan da ke jiran ci gaban labarin da marubuciyarta ta yi alkawarin saki bayan sallar isha'i, da dattijon da ke tilawa a manhajar Alƙur'ani, da matashin da ke bin ayoyi a manhajar Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi. Dukanmu ana ajiye lissafin karatunmu. Ana rubuta abin da muka buɗe, da lokacin da muka buɗe shi, da tsawon zamanmu a kansa, wani lokaci har da unguwar da muke zaune a lokacin. Masu ajiye lissafin ba su san mu ba, mu ma ba mu san su ba, kuma yawancinmu ba mu taɓa tambayar inda lissafin yake tafiya ba. Wannan shirun ne nake so mu daina.

Waɗanda suka girma a shekarun 1990 za su tuna yadda littafin Hausa ke yawo a garin nan. Daga Kano ake kawo shi, littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da sauransu, ya sauka a teburin mai sayarwa ko mai ba da haya. A aiki yaro ya karɓo, a karanta a mayar, ko kuma ya bi gida-gida har bangonsa ya rabu da shi. Mai ba da haya ya san gidan da aka kai littafin, iyakar saninsa ke nan. Bai san shafin da mai karatu ta tsaya ta share hawaye ba, bai san babin da ta koma ta maimaita ba, kuma ba shi da wanda zai sayar wa wannan labari ko da ya sani. Abin da ya shiga tsakanin mutum da takarda, a tsakaninsu yake tsayawa.

Na'urar karatu ta zo da wani tsari daban. Kamfanin Amazon na Amurka ya fito da Kindle a 2007, kuma tun farko an ƙera ta ne don ta riƙa magana da gidan da ya ƙera ta. Tana aika shafin da ka tsaya, da layin da ka ja wa alama, da 'yan bayanan da ka rubuta a gefe, domin in ka buɗe littafin a wata na'ura ka tarar da su. Wannan sauƙi ne, ban musa ba. Amma duk abin da aka aika, an ajiye shi a wurin wani. Tun Yulin 2015 Amazon ke biyan marubutan da ke cikin tsarinsa na aron littattafai gwargwadon shafukan da aka karanta. Kamfanin da ke biyan kuɗi a kan kowane shafi, babu shakka yana ƙidaya kowane shafi, kuma ya san wanda ya buɗe shi.

Abin bai tsaya a ƙidaya ba. A Yulin 2009 mutane a Amurka suka wayi gari suka ga littattafai biyu na George Orwell, 1984 da Animal Farm, sun ɓace daga na'urorinsu. Amazon ne ya shiga daga nesa ya goge su saboda wata taƙaddama kan haƙƙin mallaka, ya mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya shugabansa na lokacin, Jeff Bezos, ya nemi afuwa. Wani ɗalibin sakandare da bayanan aikinsa na makaranta suka zama banza a dalilin haka sai da ya kai ƙara kotu. A Oktoban 2014 kuma aka gano cewa manhajar Adobe Digital Editions, wadda ɗakunan karatu da yawa a duniya ke ba da aron littattafai ta cikinta, tana aika sunayen littattafan da mutum ya buɗe da shafukan da ya karanta zuwa kamfanin Adobe a buɗe, babu wani kulle, ta yadda duk wanda ya iya tsayawa a kan hanyar saƙon zai iya karantawa. Sai da aka yi ta surutu kafin kamfanin ya gyara.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Jalingo da Kindle, mutum nawa ne a garin nan suka taɓa riƙe ta? Gaskiya ne, ba su da yawa. Na'urar karatunmu ita ce wayar da ke aljihunmu, kuma ta fi Kindle sanin mu nesa ba kusa ba, domin a cikinta lambobin 'yan uwanmu suke, da hotunan iyalinmu, da asusunmu na banki. Littafin Hausa na yau a Wattpad yake, da zaurukan WhatsApp da Telegram, da Facebook, da manhajojin littattafai iri-iri. Wattpad, inda marubutanmu mata da yawa suka yi suna, kamfanin Kanada ne. A Yulin 2020 aka bayyana cewa masu kutse sun kwashe bayanai kusan miliyan 270 na masu amfani da shi, da sunaye da adireshin imel da ranakun haihuwa, suka baza su a kasuwar ɓarayin intanet. Duk wata 'yar garin nan da ta yi rajista a can kafin lokacin tana da dalilin ɗauka cewa nata yana ciki. A 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye Wattpad a kan dala miliyan 600 ko kusa da haka, kuma masu karatu da tarihin karatunsu suna cikin abin da ya ba shi wannan daraja. A nan gida, OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, wanda kuma marubutan Hausa suka sayar da littattafai masu yawa ta kansa, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk lokacin da dandali irin wannan ya rufe ko ya sauya hannu, mai karatu yana da haƙƙin a gaya masa abin da za a yi da sunansa da lambarsa da jerin abin da ya saya. Mu nawa ne muka taɓa nema?

Labarin da ya fi tayar mini da hankali ya shafi ibada. A Nuwamban 2020 jaridar Motherboard ta Amurka ta wallafa bincike cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke karanta Alƙur'ani da duba lokutan salla a cikinta, tana ba wani kamfani mai suna X-Mode bayanan inda masu amfani da ita suke, shi kuma X-Mode yana sayar da irin waɗannan bayanai ga 'yan kwangilar da ke yi wa rundunar sojin Amurka aiki. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soji wani abu, amma sun yanke hulɗa da X-Mode nan take. A Janairun 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta hana X-Mode sayar da bayanan wurare masu alaƙa da sirrin mutane, irin su wuraren ibada da asibitoci. Ku yi tunani, jama'a. Bawan Allah ya ba manhaja izinin sanin inda yake don ta nuna masa alƙibla, sai izinin ya zama haja. Kada 'yan uwanmu Kirista su ga kamar abin bai shafe su ba, domin duk manhajar kyauta da ke rayuwa da tallace-tallace, ta addini ce ko ta labari, hanyar samun kuɗinta iri ɗaya ce.

Sai dai ba sai mun je Amurka ba. Ku zo mu duba yadda ake sayen littafin Hausa a yau, mataki-mataki, kamar yadda kowace mai karatu ta sani. Marubuciya ta saki shafukan farko kyauta. Labari ya yi daɗi, sai a ce daga nan na kuɗi ne. Mai karatu ta tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki, ta ɗauki hoton shaidar biya ta aika wa lambar da aka bayar, a saka ta a zauren waɗanda suka biya. A jikin hoton nan akwai cikakken sunanta, da bankinta, da lokacin da ta biya, wani lokaci har da ragowar kuɗin da ke asusunta in ba ta lura ta rufe ba. Zauren WhatsApp ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana ganin lambar kowa. Ba a san wanda ya shiga da sunan mace alhali namiji ne ba. Tun Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, saboda haka lambar waya a yau tana ɗaure da sunan mutum da hotonsa da zanen yatsunsa. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: a wasu bankunan waya irin OPay, lambar asusun mutum ita ce lambar wayarsa in an cire sifirin farko. Duk wanda ya kwafi lamba daga zaure ya saka ta a wurin tura kuɗi, cikakken sunan mai ita zai bayyana masa, ko kwabo bai kashe ba.

To ku haɗa waɗannan. Sunan zauren ya faɗi irin littafin da ake karantawa. Lambar ta faɗi sunan mai karatu. Hoton da ke kan WhatsApp ɗinta ya nuna fuskarta ko fuskar 'ya'yanta. Matar aure ce a garin da kowa ya san kowa. Daga nan sai kiran dare daga baƙuwar lamba, sai saƙon banza, sai mai damfara da ya san sunanta yana cewa daga banki yake, sai wanda ke barazanar zai nuna wa mijinta ko surukanta zauren da take ciki. Ba ta yi laifin komai ba, labari ta saya da kuɗinta. Yawancin marubutanmu ma ba da mugun nufi suka tsara abin haka ba, hanyar da suka samu ke nan ta cin guminsu bayan masu satar fasaha sun hana su sakat. Amma kyakkyawar niyya ba ta rufe lambar kowa.

Akwai kuma ƙofar da mu da kanmu muke buɗewa. Mutum ya je rumfar masu tura fina-finai da littattafai a bakin kasuwa, ya cire makullin wayarsa ya miƙa, aka jona ta da kwamfuta, shi kuma ya tafi sayen cefane ya dawo. A tsawon wannan lokaci duk abin da ke cikin wayar a buɗe yake, hotuna da saƙonni da takardu. Yawancin samarin nan masu neman halal ne, amma mutum ɗaya marar tsoron Allah ya isa ya tozarta gida guda. Haka nan manhajojin buɗe littafi na kyauta da muke saukewa ko muke karɓa ta Xender. Kana buɗewa sai ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarka, da hotunanka, da inda kake, kai kuma ka danna amincewa don ka samu ka ci gaba da labari. Me manhajar karanta littafi za ta yi da lambar surukarka? Mun ga abin da irin wannan izini ya haifar a hannun manhajojin ba da rance, waɗanda suka riƙa aika wa dangi da abokan mutum saƙon cin mutunci in ya makara wajen biya, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris 2022, Google kuma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotunan mutane daga 2023. Izinin da ya ba su wannan dama shi ne dai muke bai wa manhajar da ba mu san mai ita ba.

Na sha jin ana cewa, ni ba ni da abin ɓoyewa, duk mai son ya gani ya gani. Ina roƙon mai wannan magana ya dubi maƙwabcinsa kafin ya maimaita ta. Mutane suna karanta abin da ba za su iya tambayar kowa ba. Matar da ta shekara da shekaru ba ta haihu ba tana karatu a kan rashin haihuwa. Wadda aure ya yi wa zafi tana neman hukuncin khul'i kafin ta buɗe baki ta gaya wa iyayenta. Saurayin da ƙwaya ta kama yana neman hanyar rabuwa da ita. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya sa Taraba cikin jihohin da cutar HIV ta fi yawa, kuma wanda ya fito daga asibiti da sakamakon da bai zata ba, wayarsa ce farkon wurin da zai je neman bayani, tun kafin ya samu ƙarfin halin gaya wa matarsa. Ranar da waɗannan mutane suka tabbata ana leƙen abin da suke karantawa, za su daina karantawa, su zauna da ciwonsu da jahilcinsa. Asarar ta kowa ce.

Mu a Taraba muna da ƙarin dalili. Tun da aka ƙirƙiro jihar nan daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta 1991, Mumuye da Jukun da Fulani da Kuteb da Tibi da Chamba da Mambila da Wurkun da Hausawa da sauran ƙabilu masu yawa muke zaune tare, Musulmi da Kirista, sau da yawa a cikin dangi ɗaya. Mun san daɗin wannan zama, mun kuma san abin da ke faruwa in aka samu masu hura wuta. Jerin littattafan da mutum ke karantawa yana faɗin addininsa, da ɗariƙarsa ko cocinsa, da harshensa, da ra'ayinsa na siyasa. In aka haɗa wannan da sunansa da unguwarsa, an samu abin da ɗan siyasa marar kishi zai saya don ya aika wa kowane ɓangare ƙaryar da ta dace da shi lokacin zaɓe. Zaman lafiyarmu yana buƙatar Musulmin da zai iya karanta littafin Kirista don ya fahimci maƙwabcinsa, da Kiristan da zai iya buɗe fassarar Alƙur'ani, ba tare da ɗayansu yana tsoron gobe a nuna shi da yatsa ba.

Iyaye za su ce, to tarbiyya fa? Shin mu zuba wa yara ido su karanta abin da suka ga dama? A'a. Uba da uwa suna da haƙƙi, kuma wajibi ne a kansu, su san abin da ƙaramin yaronsu ke karantawa, kuma akwai rubuce-rubucen batsa a wasu zaurukan da bai kamata yaro ya kusance su ba. Amma kulawar uwa daban take da leƙen baƙo. Uwa tana dubawa ne don ta gyara, kamfani kuwa yana tarawa ne don ya sayar. Mun kuma ga inda tsananin sa ido kan masu karatu yake kaiwa. A 2007 a Kano, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta, daga baya hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista da ita, aka yi ta kai ruwa rana. A wancan lokaci sai an binciki akwatin ɗaliba kafin a san abin da take karantawa. Yau jerin yana ajiye a wurin wani, a shirye, yana jiran mai iko ko mai kuɗin da zai nema. Addininmu ma bai bar mu cikin duhu ba, domin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane, kuma babu malamin coci da zai ce tona asirin maƙwabci aikin kirki ne.

Abin farin ciki shi ne doka tana bayanmu, mu ne ba mu ɗauke ta ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai, wato NDPC, ƙarƙashin jagorancin Dakta Vincent Olatunji. Dokar ta ba ka ikon tambayar duk wanda ke riƙe da bayananka me ya tara a kanka da wanda ya ba. Ta ba ka ikon neman a gyara ko a goge, da ikon janye amincewar da ka bayar. Ta sa addini da lafiya da ƙabila da ra'ayin siyasa cikin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Ta ce bayanan yaro sai da izinin iyayensa ko mai kula da shi. Ta wajabta wa kamfanin da aka yi wa kutse mai haɗari ga jama'a ya sanar da hukuma cikin awa 72. Kuma an fara gani a ƙasa: a Yulin 2024 hukumar FCCPC, bayan binciken da ta yi tare da NDPC, ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙararrakin gasa da haƙƙin masu saye kuma ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025. In an iya tsayar da kamfani irin Meta, babu mai manhaja ko mai zauren da ya fi ƙarfin tambaya. Dokar nan ba ta mutanen Abuja da Legas kaɗai ba ce. Ta mai sayar da doya ce a kasuwar Jalingo, ta ɗalibar da ta zo karatu daga Zing ko Bali ko Gembu.

Saboda haka, ya kai mai karatu, fara da wayarka yau ɗin nan. Shiga wurin saituna ka duba izinin da kowace manhaja take da shi, ka ƙwace na lambobi da na wuri da na makirfo daga duk wadda aikinta buɗe littafi ne kawai. In littafin ya riga ya sauka, kashe data ka karanta. Kada kalmar sirrinka ta dandalin labarai ta zama ita ce ta imel ɗinka ko ta bankinka. Ke kuma 'yar uwa, kafin ki aika hoton shaidar biya, rufe ragowar kuɗinki, ki saita WhatsApp ɗinki yadda sai waɗanda kika ajiye lambarsu ne za su ga hotonki, kuma ba kowa ne zai iya jefa ki cikin zaure ba. In za ku ba da waya a tura muku wani abu, ku tsaya a kanta har a gama, ko ku ba da memori kaɗai.

Marubutanmu, ku ne kuka raya karatun Hausa a lokacin da takarda ta yi tsada, kuma matan da ke bin ku sun ba ku amana tare da kuɗinsu. Ku goge hotunan shaidar biya da zarar kun tabbatar. Kada ku sayar ko ku ba da aron lambobin masu karatunku ga masu tallan kayan mata ko wani ɗan kasuwa, komai kusancinku da shi. Ku nemi hanyar da ba ta baje lambar kowa a fili, domin tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ba ta nuna wa mabiya lambobin juna. Ku rubuta a saman zaurenku abin da kuke yi da bayanan mutane, cikin Hausar da kowa zai gane. Masu ƙera manhajojin littattafan Hausa, ku ma haka: sharuɗɗan da aka rubuta da dogon Turancin lauyoyi ga mai karatun Hausa ba neman izini ba ne.

Shugabannin ɗakunan karatu na Jami'ar Jihar Taraba, da Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo, da hukumar ɗakunan karatu ta jiha, ba ina zargin kowa ba ne, tambaya nake yi a madadin ɗalibai. Ɗalibin da ya shiga laburaren kwamfuta da lambarsa ta makaranta, wa ke ganin abin da ya nema? Har tsawon wane lokaci ake ajiyewa? Kamfanonin da kuke biya don samun mujallu da littattafan intanet, me yarjejeniyarku da su ta ce a kan bayanan yaranmu? Ku rubuta amsar ku manna a ƙofa. Aikinku yana da tarihin da za ku yi alfahari da shi. A 2005 ma'aikatan laburare huɗu a jihar Connecticut ta Amurka sun ƙi miƙa wa hukumar FBI bayanan masu karatu ba tare da umarnin kotu ba, aka hana su ko da faɗin cewa an nema, suka je kotu suka tsaya har gwamnati ta janye a 2006.

Mai Girma Gwamna Agbu Kefas, ka ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a 2023, kuma duk inda ilimi ya dosa yanzu, kwamfuta da manhaja suna biye da shi. Muna roƙo, duk kwangilar da za ta sa na'ura ko manhajar karatu a hannun ɗan makaranta a jihar nan, a rubuta a cikinta cewa bayanan yaron ba na sayarwa ba ne, kuma za a goge su in ya gama. 'Yan Majalisar Dokokin Jiha, ku gayyaci hukumar NDPC ta zo Jalingo ta yi wa jama'a bayani, ta kuma nuna mana ƙofar kai koke da talaka zai iya bi. Gidan rediyon jiha da sauran tashoshinmu, ku ware lokaci ku fassara Dokar Kare Bayanan Jama'a da Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun. Malamanmu da limamai da fastoci, jama'a suna jin maganarku fiye da ta kowa, ku gaya musu cewa yaɗa lambar matar wani ko tona abin da take karantawa cin amana ne.

Ku kuma matasa, da kuka fi kowa sanin kan waya, kada ku bar iyayenku su kaɗai da ita. In kun koma gida yau, ku zauna da Mama da Baba, da Goggo da Kawu, ku duba musu izinin manhajojinsu ɗaya bayan ɗaya, ku bayyana musu abin da kuke cirewa da dalilinsa. Duk wanda aka yi amfani da lambarsa ko sunansa ba da yardarsa ba, ku taimaka masa ya adana shaida, ya rubuta wa mai zauren ko mai manhajar yana neman a goge, in an ƙi kuma ya kai koke hukumar NDPC. Jama'ar Jalingo, mu fara a makon nan, kowa da wayarsa da ta mutanen gidansa.